Farar Ƙasa a Diddige

Kakana Sallau ba ya bin tsakiyar titi.
Daga Fagge har Ƙofar Mazugal
bakin kwata yake bi, kafaɗa tana gogar katanga.
In ka ce, "Baba, matso, ga fili,"
sai ya ce, "Tsakiya ta masu ci ce.
Ni ɗan gefe ne."

Yana ɗan sha biyar, yana dakon gyaɗa a tasha,
wani Baturen reluwe, Mai Lofe ake ce masa,
ya ga yadda yake gocewa amalanke da buhu a ka.
Shi ma, wai, a garinsu mai hayaƙi da sanyi
gefen dama ya buga, kafin gwiwa ta ci amanarsa.
Ya ja layi da toka a bayan shagon gyaran inji,
ya ce da gurguwar Hausarsa:
"Nan gidanka. Kada ka fita gida."

Bai fita ba.
Shekara goma sha ɗaya, lamba bakwai,
rigar da uwarsa ta rina a Ƙofar Mata
don shuɗin kanti ba ya jure gumi.
Takalmi? An ba shi.
Ya rataye su a wuya, ya ce suna toshe masa kunnen ƙafa.

Ba gudu ya fi kowa ba, in ji waɗanda suka gani.
Tsayuwa ya iya.
Zai kawo tamaula gaban mai tsaron baya
a hankali, kamar mai kai wa suruki ƙwaryar fura,
ya sauke kafaɗar hagu,
ya jira,
ya ƙara jira,
har mutum ya gaji da mutuncinsa ya miƙo ƙafa.
Shi ke nan. Sai ƙeya.

Sannan ya ɗago ta.
Ƙwallon fata ce mai ɗinki, in ta sha ruwan Agusta
ta fi tulu nauyi.
Ɓarau Dogo ke jiranta a gaban raga,
kuma har ya mutu akwai tabon igiyarta a goshinsa.
Ya kan shafa wurin ya ce, "Sa hannun Sallau ke nan."

Sunan Ɓarau aka yi wa kirari.
Ɓarau aka ɗauka a kafaɗa ranar da aka ci 'yan kamfanin fata.
Kakana sau uku ya ci a rayuwarsa,
ɗaya ma, ya rantse, iska ce ta karkatar da ita,
ya je ya ba Ɓarau haƙuri.

Jiya na kai shi gidan kallo a Gwammaja.
Naira ɗari biyu, benci, ƙugin janareto,
yara suna ihu da sunayen garuruwan da ba su taɓa gani ba.
Ya tsura wa allon ido,
ga wani ɗan gefe ya baro layinsa,
ya kutso tsakiya, ya narka, ya ci,
ya zame a gwiwa yana nuna ƙirjinsa.
Ɗakin ya ɗauka.
Baba ya jawo hannun rigata:
"To wa ya bar wa gidan?"

Da dare na zuba masa ruwan ɗumi a daro.
Yatsun nan sun karkace kamar citta,
farcen babban ya tafi tun kafin a haifi babana.
A faso na diddigen dama
akwai wani fari da sabulu bai taɓa fitarwa ba.
Na sa soso.
Ya janye ƙafar.
"Bar shi," ya ce. "Layi ne."